Kada ka ƙara jini: amsa ga mai son rubuta fim ɗin mutumin da tura ta kai bango

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne a Rigasa ta Kaduna, ina koyon rubutun fim. Na rubuta labarin wani magidanci da aka sallama daga aiki, bashi ya yi masa katutu, mai gida ya ba shi wa'adin tashi, daga nan ya shiga cikin masu garkuwa da mutane. Ya kashe mutum uku, aka kama shi, ya tuba a gidan yari. So nake ya zama fim mai nauyi, irin wanda ke shiga ƙwaƙwalwar mai kallo ya hana shi barci. Amma abokaina da suka karanta sun ce bai ba su tsoro ba, kuma ba su ji tausayin mutumin ba. In ƙara jini da bindiga ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi albarka. Jinin da ka zuba ma ya yi yawa, ragewa za ka yi. Abokan nan naka kuma ka riƙe su da kyau, domin samun wanda zai karanta labarinka ya faɗa maka gaskiya ya fi samun furodusa wuya.

Matsalar tana tsakanin ranar da mai gida ya ba da wa'adi da ranar da mutumin ya saɓa bindiga. Ka wuce wurin a guje, alhali nan ne fim ɗin yake. Magidancin da jiya yake sahun gaba a masallaci ba ya wayar gari a daji don kawai kuɗin haya ya gagara. Mai kallo ya san haka, domin shi ma hayar ta taɓa gagarar sa, bai kuwa shiga daji ba. Da zarar jaruminka ya yi wannan tsallen, mai kallo ya raba gari da shi, ya koma gefe yana jiran 'yan sanda su zo su kama mugu. Wannan fim ɗin 'yan fashi ne. Ba laifi ba ne a yi shi, amma ba shi ka ce kana so ba. A fim ɗin 'yan fashi, abin da ke riƙe mai kallo shi ne ko za a kama bos. A irin wanda kake nema, abin da ke riƙe shi shi ne ko mutumin zai aikata, in ya aikata kuma tambayar ta juyo kansa: da ni ne a wurin, a ina zan tsaya? Wannan ita ke hana barci. Gawa a allon waya ba ta firgita mutumin Kaduna, abin da yake ji a labaran rediyo da safe ya fi ta tayar da hankali.

Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam ke yawan kawowa. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya gayyaci mutanen gari ya ce musu bincike ake yi a kan koyo. Aka zaunar da kowane ɗaya gaban wata na'ura mai maɓallai 30, aka ce duk sanda ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya faɗi amsa ba daidai ba, a danna masa wutar lantarki. Wutar ta ƙarya ce, ɗalibin ma da bakinsa aka shirya, amma masu dannawar ba su sani ba. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe mai ƙarfin bolt 450, duk da alamun wahala da suke ji daga ɗaya ɗakin. An soki gwajin daga baya, ta fuskar zaluntar waɗanda aka yi da su da kuma yadda aka fassara sakamakon, kuma yawanci darasin makauniyar biyayya ake cirowa daga cikinsa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka ƙera na'urar. Ba wanda aka ce wa ya fara da 450. Daga 15 aka fara, ana ƙara 15 a kowane mataki. Wanda ya danna 120, da wane baki zai ce 135 haramun ne? In ya tsaya yanzu, ya amsa ke nan cewa abin da ya yi ɗazu ma laifi ne. A haka ake gina labarin mutumin kirki da ya lalace: kowane mataki ɗan ƙarami, kowane mataki da hujjarsa, kuma komawa baya kullum tana ƙara tsada.

Bari in ba ka misali na gida, ba don ka kwafa ba, don ka ga yadda matakan ke jeruwa.

Ka fitar da mutumin daga daji gaba ɗaya, ka dawo da shi cikin unguwa. Ka ce tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Wannan tarihi ne da ya taɓa gidaje da yawa a garin nan: masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, wasu suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu har suka mutu. Mutuminka yana cikinsu. Bayan rikicin shekarar 2000 ya tsallako kogi ya kama haya a Rigasa, yana 'yar buga-bugarsa, yau gadi, gobe dillancin tsofaffin kaya a Panteka. Ba shi da komai sai suna. Shi ake ba ajiyar kuɗin gyaran masallaci, shi ake kira shaida in za a sayar da fili, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Sai aka ɗauke maƙwabcinsa a hanyar gona. Yadda abin ke gudana ba sai na koya maka ba: waya ta shigo, a yi ta ciniki kamar ana taya sa a kara, a kewaya da kwano bayan sallar Juma'a, a sayar da gona, a sayar da babur, 'yan'uwa na nesa su turo abin da ya sawwaƙa, su kuma can su ce a haɗo da katin waya da kayan abinci. Babu rasit, babu takarda, komai a ɓoye ake yi, balle da Majalisar Dattawa ta amince a Afrilun 2022 da ƙudirin ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Kuɗi ya taru. Wa za a ba ajiya, wa zai kai? Wanda kowa ya yarda da shi.

Ka sa labarin a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. Ka tuna yadda aka yi. Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga shi zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suna yin sammako su bi layin banki su dawo hannu rabbana, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, tiransfa ta maƙale kwana da kwanaki. Har gwamnatin jihar nan ta haɗu da ta Kogi da ta Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Cikin dalilan da aka bayar na canjin ma har da daƙile biyan kuɗin fansa. To a irin wannan watan, da mai albashi ba ya iya cire dubu 5, mutuminka yana kwana da jaka cike da tsaba a ƙarƙashin gado. A cikin dare naƙuda ta kama 'yarsa da ta zo goyon ciki gida, haihuwa ta zo da gardama, aka ce sai an yi aiki, kuma sai an ajiye wani abu kafin a shiga da ita. Tiransfa ta ƙi tafiya.

Ya buɗe jakar. Dubu 80 kawai, aro ne, jibi zai mayar in ɗan'uwansa na Zariya ya turo. Nuna mini mai kallon da zai ce kada ya ɗauka. Kowa a gaban wayarsa cewa zai yi, "Ɗauki mana, rai fa ake magana." Ka kama shi ke nan, ya sa hannu a jakar tare da jaruminka.

Ɗan'uwan bai turo ba. Ranar kai kuɗi ta zo, ya ce wa iyalin maƙwabcin mutanen dajin sun ɗaga ranar. Ƙarya ta farko ke nan, ita ma mai kallo zai haɗiye ta, ai lokaci yake nema. Can daji kuwa an fara dukan wanda ke hannu, ana kira a kunna wa iyali kukansa. Mai jego tana buƙatar ƙarin jini, ya sake ɗiba. Giɓin ya fi ƙarfinsa, sai ya ce mutanen sun ƙara kuɗi. Matar maƙwabcin ta sayar da keken ɗinkinta, ta kawo masa kuɗin har zaure, ta durƙusa tana jero masa addu'a, Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa musu, Allah ya raya abin da aka haifa. Wannan fitowar ta fi duka kisan ukun da ka rubuta ban tsoro, kuma babu ɗigon jini a cikinta. Sannan ka shigo da ɗan maƙwabcin, yaro ɗan sakandare da ke rubuta duk gudummawar da ta shigo a bayan littafin lissafinsa, ya tara ya ga abin bai haɗu ba. Yanzu akwai mutum ɗaya tak da zai iya tona asiri. Daga nan kai za ka yanke iya nisan da mutuminka zai je. Ko bai taɓa yaron ba, a bar kyamara a kan fuskarsa yana bin yaron da kallo ya shiga lungu shi kaɗai da magariba, ya isa.

In ka gama rubutawa, ka raba wa mutum biyar ka ce kowa ya ja layi a shafin da ya daina goyon bayan jarumin. In duk suka ja a shafi ɗaya, matakin da ke wurin ya yi tsawo, ka raba shi biyu. In kowa ya ja a wuri daban har suka kama musu a tsakaninsu, labarin ya tashi.

Ka lura da abin da ke tura shi bayan kwanakin farko. Ba yunwa ba ce, ba ma ciwon 'yarsa ba ne, domin ta sami sauƙi. Tsoron tonon asiri ne. Fina-finan waje na irin wannan yawanci a kan tsira da rai suke, mutum ya maƙale a wani wuri, ko ya kashe ko a kashe shi. A wurinmu akwai abin da mutum ke karewa fiye da cikinsa. Dattijo zai kwana uku bai ɗora tukunya ba, ya fito da rigarsa a goge, ba wanda ya sani. Amma a ce a ƙofar masallaci, gaban yaran da ya yi wa huɗuba, wane ya ci kuɗin fansa, wannan ya gwammace a binne shi. Saboda haka rai biyu ke kan sikeli a labarin, na wanda ke daji da mutuncin wanda ke gida, kuma muna kallonsa yana zaɓen mutuncinsa kullum, yana kuma gaya wa kansa cewa gobe zai gyara.

Yadda matsi ke taɓa tunani ma ba sai ka ƙirƙira ba, an yi bincike a kai. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota, maza 36 sun ba da kansu aka rage musu abinci na tsawon mako 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da aka gani bai tsaya ga rama ba. Tunaninsu ya tattare a kan abinci, wasu suka koma tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi, suka daina sha'awar hira da mutane. A 2013 kuma aka buga wani bincike da aka yi da manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya: manomi ɗaya, gwaji iri ɗaya, amma kafin girbi da aljihu ya bushe ya fi yin kuskure, bayan an sayar da rake ya fi yin daidai. Abin da mutum ya rasa shi ke cinye masa kai. To ka nuna wannan, kada ka faɗe shi. Ban da tsayar da jarumi a tsakar gida yana magana shi kaɗai, "Wayyo talauci, me na yi maka?" Ka nuna shi a salla ya rasa raka'a ta uku yake ko ta huɗu saboda lissafin giɓi yake yi a zuci, ya yi ba'adi yau, ya yi gobe, har na kusa da shi ya fara lura. Matarsa ta yi magana sau biyu bai ji ba. Ya daka wa jikansa tsawa a kan kofin shayi da ya zube, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Ya tashi tsakar dare ya haska tocila, ya kwance robar da aka ɗaure bandir, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ko adadin zai canza.

Sai batun daidai da ba daidai ba. A nan kana da gata, domin masu kallonka sun san muhawarar tun daga Islamiyya. Sun san ƙa'idar malaman fiƙihu cewa larura tana halatta abin da aka hana. Sun san aya ta 173 a Suratul Baƙara da ta yi rangwame ga wanda ya matsu ya ci mushe, da aya ta 106 a Suratun Nahli a kan wanda aka tilasta ya furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwar da ta auka wa Madina wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Amma malaman da suka kafa wannan ƙa'idar sun ɗaure ta da wata: larura gwargwadonta ake auna ta. Ita kanta ayar mushen ta gindaya sharaɗi, ban da mai zalunci da mai ƙetare iyaka. Kuma sun tafi a kan cewa tilas ba ta halatta ka kashe wani don ka tsira, ranka bai fi nasa ba.

Shari'ar Ingila ma a nan ta tsaya. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya nutse a Tekun Atlantika a hanyarsa ta zuwa Ostareliya, mutum huɗu suka tsira a kwale-kwale ba ruwa ba abincin kirki. Bayan kusan kwana 20, biyu daga cikinsu, Dudley da Stephens, suka yanka ƙaramin cikinsu, yaro ɗan shekara 17 da ya riga ya galabaita, aka ci namansa. 'Yan kwanaki bayan haka wani jirgi ya tsince su. Da bakinsu suka ba da labari da suka iso gida, suna ganin ba wanda zai kama su da laifi. Kotu ta ce larura ba hujjar kisa ba ce, ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata 6. Har yau ɗaliban lauya suna karanta shari'ar, kuma sassaucin kansa yana nuna cewa hukuma ta haramta abin, amma ba ta iya rufe ido daga halin da mutanen suka shiga ba.

A tsakanin ƙa'idojin nan biyu fim ɗinka zai zauna. Dubu 80 ɗin farko, malamai da kansu za su iya zama su yi saɓani a kai. Kuɗin keken ɗinki kuwa babu saɓani. Aikinka shi ne mai kallo ya kasa nuna takamaiman ranar da larura ta ƙare cin amana ya fara. Shi ma jarumin bai sani ba, har ƙarshe aro yake kiran abin.

Amma kada fim ɗin ya zama lauyansa. Galibin talakawan garin nan sun sha abin da ya fi wannan ba su taɓa kayan kowa ba, kuma cin fuska ne a gare su a ce talauci kaɗai ke mayar da mutum maci amana. Ka sa wani a labarin da ya fi shi shiga uku amma bai karkace ba. Misali tsohon abokin aikinsa na masaƙa, Kirista, yana zaune a Sabon Tasha, ciwon suga ya cinye shi. Jaruminka ya tsallaka gada ya je neman rance, mutumin ya ɗaga katifa ya ba shi dubu 7 da ya ajiye na magani, ya dube shi ya ce, "Kuɗin wa ka taɓa?" Shi ke nan, kada ya ƙara ko kalma.

Na ce kada ya ƙara ne saboda wani ciwo da ya daɗe a fina-finanmu tun da masana'antar ta kafu a 1990: ba ma yarda mai kallo yana da hankalin da zai gane da kansa. In mutumin kirki zai yi ɓarna sai an nemo wanda za a ɗora wa, ko an yi masa asiri, ko aljani ya shige shi, ko muguwar mata ce ta zuga shi. Duk wanda ka ɗauka cikin waɗannan ka kashe fim ɗin, domin ka cire zaɓi daga hannun jarumin, mai kallo kuma ya sami mafita, ya ce ai ni ba a yi mini asiri ba. Haka kuma minti goman ƙarshe da 'yan sanda ke dirowa, liman ya tsaya ya karanto darasin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya. Tubar gidan yari da ka rubuta ba ta da tsada. Wanda aka kama aka ɗaure, me ya rage masa in ba tuba ba? Cikin sharuɗɗan tuba akwai mayar da haƙƙi ga mai shi, kuma mai tsadar ita ce ta mutumin da ba wanda ke zarginsa, yana da damar yin shiru har kabari.

Ga ƙarshen da ni zan zaɓa. Maƙwabcin ya dawo a rame, yana jan ƙafa. Unguwa ta yi walima, ana ta shi wa jaruminka albarka, ana cewa ya sayar da ransa ya kai kuɗi daji. Amma wanda ya dawo ya san adadin da aka nema da ranar da aka sa, domin a gabansa aka yi wayar, a jikinsa kuma aka fanshe jinkirin. Bai faɗa wa kowa ba. Kullum da asuba sai ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu, in an sallame ya miƙa masa hannu. Furodusa zai yi maka gardama, ya ce za a ce an bar mugu ya ci bulus. Ka tambaye shi ko shi zai so ya ci irin wannan bulus ɗin. In ka fi son mutumin ya miƙe a taron walimar ya tona kansa, shi ma ƙarshe ne mai kyau, muddin mun ga abin da zai rasa in ya buɗe baki.

A wajen zance, harshenmu ya ba ka makami kyauta, wato gaisuwa da kunya. Yaro ba ya duban dattijo ya ce ina zarginka. Zai zo ya durƙusa a zaure:

"Baba, ina wuni. Ya mai jego?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Dama Inna ce ta ce in tambaya, nawa ya rage a cika?"

"Dubu 300."

"To. Ni a littafina 150 na gani. Wataƙila ni na yi kuskure."

"Wataƙila."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya saki ladabi, amma kowannensu ya san ɗayan ya sani. Ka ja gaisuwa ta yi tsawo a inda mai kallo ke ƙagare ya ji maganar da ke tafe.

Sauti ya fi hoto aiki a irin wannan fim, kuma nan ne muka fi sakaci. Kiɗan tsoro da ake zubawa daga farko har ƙarshe yana kashe tsoron. Ka zaɓi ƙarar waya guda ɗaya ta zama ta mutanen daji, har ya kasance ko a wayar wani ta yi a kasuwa gaban mai kallo ya faɗi. Ka yi amfani da janareton maƙwabta da ya mutu ba zato, da hon ɗin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa, da haushin karnuka bayan sha biyun dare. Fim mai duhu kuma ba ya nufin hoton da ba a gani. Yawancin masu kallonka a YouTube za su gani, a ƙaramar waya, da data ta lallaɓawa, baƙin hoto kuwa dagulewa yake yi. Ka haska fuska da fitilar caji ko hasken allon waya, ka bar bango ya yi duhu. Hazon hunturu da safe kyauta ne, ka yi sammako ka ɗauka. Rawa da waƙa babu gurbinsu a nan, ko wa ya roƙe ka.

Kafin ka kashe ko sisi ka san inda doka take. A Satumbar 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sanar da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A Kaduna za ka ɗauka, amma 'yan wasa da furodusoshi da babbar kasuwar suna Kano, don haka ka tuntuɓi hukumar ka ji matsayinta a yau. Akwai kuma hukumar tacewa ta ƙasa da aka kafa a 1993, wadda a 2024 ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da shan taba a fina-finai. Labarin da na zana maka yana da sauƙin karewa a gaban kowace hukuma, tunda ba a ga daji, ba a ga bindiga, ba a koya wa kowa yadda ake ɗauke mutum, murya ce kawai a waya. Muryar ma kada ka ba ta karin harshen wata ƙabila, ka san abin da hakan ke haifarwa a jihar nan.

Kada kuma ka ɗauki abin da ya faru da gaske ka canza sunaye. Waɗanda aka ɗauke a harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, wasunsu sai a Oktoba suka dawo, da iyayen 'yan makarantar Kuriga da aka sace a Maris 2024, suna nan cikinmu, suna da waya, za su gani. Ka saurari mutane in sun yarda su yi magana, ka koyi yadda jira yake, amma labarin ya zama naka. In kuma za ka nuna mutum yana zarewa, rashin barci, jin muryoyi, firgita, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba maka rubutun, ga asibitin tarayya nan a Barnawa. Mun daɗe muna nuna mai taɓin hankali a matsayin abin dariya ko abin tsoro, jaruminka kuwa da hankalinsa ras yake yin abin da yake yi, kada ka ba shi hauka ya fake da ita.

Shawarata ka fara da gajere, minti 20 zuwa 25, kada ka faɗa dogon zango tukuna. Wuri uku ya ishe ka: ɗakin da jakar take, zaure, da barandar asibiti. 'Yan wasa biyar ko shida. Ɗan kuɗin da kake da shi ka zuba a kan mai ɗaukar sauti da ya san aikinsa, da dattijon ɗan wasa da zai iya yin shiru kyamara na kansa fuskarsa na magana. Ka nemi wanda mutane suka saba gani yana fitowa a uban kirki ko limamin unguwa. In ka ɗauko wanda aka sani da fitowa a bos, tun daga fosta an yanke masa hukunci, ba kuma wanda zai ce masa ɗauki a daren da ya buɗe jakar.